Keken Malam Ila da Ba Shi da Birki

Malam Ila mai wankin hula ne a Badarawa, gidansa na bayan nawa kaɗan. Mutumin Bichi ne. Ya zo Kaduna yana saurayi, ya yi aiki a masaƙa can ƙetaren kogi har ta rufe, sannan ya koma sana'ar da ya gani wurin kawunsa tun yana yaro. Ni sunana Tukur, ƙarfe nake yankawa ina hudawa a Panteka, kuma daga Soba na fito. Shi Bakano, ni Bazazzagi. Tun ranar da muka san juna ba mu taɓa gaisawa babu tsokana ba.

Masu wankin hula da yawa zama suke yi a rumfa a kawo musu. Ila bai iya wannan ba. Shi yake bin gidaje ya karɓo, ya wanke, ya sa sitaci, ya kifa kowace a kan gungumen katako daidai kan mai ita, ta bushe, ya goge, ya mayar. Da jaka a baya yake zaga Unguwar Sarki da Unguwar Dosa da Malali. Ya san wanda yake zufa da yawa, ya san wanda yake zuba wa hula turare har ta yi tabo. A kowace ƙofa sai ya tsaya ya sha ruwa, ya ji labari, ya bar wani. In ka ce masa wannan yawon ɓata lokaci ne, sai ya ce hula ba ta sauri, Juma'a kawai take jira.

Duk wannan a kan tsohon kekensa Rali yake yinsa, wanda ya saya tun yana masaƙa. Na yi wa keken nan walda har waldar ta fi ƙarfen yawa. Ranar da ya karye daga ƙasan sirdi ya turo shi Panteka, na duba, na ce masa wannan ba gyara yake so ba, sutura yake so.

"Kai dai ka gaji, Bazazzagi," ya ce.

"Na gaji. Shi ma ya gaji. Kai kaɗai ne ba ka ji ba."

Sai ya shiga wurin 'yan gwanjo a bayan Babbar Kasuwa neman wani. Bakano ba ya ganin araha ya wuce. Ya dawo da wani siririn keke ja, wanda za ka ɗaga da yatsu biyu. Kansa a lanƙwashe ƙasa kamar ƙahon rago, tayoyinsa ba su fi kaurin babban yatsa ba. Ba kariyar ɗora kaya, ba ƙararrawa, ba murfin sarƙa, ba hannun birki ko ɗaya. Ila ya ga babu hannun birki sai ya yanke wa kansa hukunci cewa birkin ƙafa ne, irin wanda ake danna feda baya keke ya tsaya. Ya san irinsu, ya taɓa saya wa yara. Ya tambayi mai sayarwa, shi kuma ya ce haka ne, don bai sani ba kuma yana so ya sayar.

Tayoyin ba iska, don haka turo shi ya yi har gida. Washegari ya sa iska, ya goya jakar huluna, ya hau. Ya ce mini a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya bai taɓa hawan abu mai daɗi irinsa ba, taki ɗaya sai ka ji kamar an tura ka. Matsalar ta fito a gangaren layinsu, inda hanya take sauka wajen kwalbati. Ya so ya saki ƙafa keke ya tafi da kansa, sai ya tarar feda ba ta tsayawa. Muddin taya na juyawa ita ma juyawa take yi. Ya danna ta baya da ƙarfi, ita kuma ta ɗaga shi daga sirdi kamar jaki ya yi tutsu. Allah ya taimake shi akwai tulin yashi a ƙofar wani gida da ake gini. Can ya ƙare, shi da keke da hulunan mutane.

Ya koma gida da gwiwa a kuje, yashi har cikin gemu.

Matarsa Harira ita ce rabin sana'ar. Ita take dama sitaci, ita take ɗauraya, ita take kwashe huluna in hadari ya taso. Ba ta da yawan magana, shi ya sa nake girmama ta. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta wanke masa ciwon da ruwan gishiri, ta ɗauko sarƙar da suke ɗaure ƙofar zaure da ita, ta zagaya ta a tsakiyar keken da ginshiƙin rumfar da ake shanya huluna, ta danna kwaɗo, ta ƙulle mabuɗin a bakin zanenta.

Da yamma babban ɗansu Zaharaddeen ya zo. Magidanci ne, yana tuƙa Keke Napep tsakanin Kawo da kasuwa. Ya duba keken, ya duba a wayarsa, ya ce wannan na tsere ne, a wani keɓaɓɓen fili ake hawansa inda ba mota, ba akuya, ba kwalbati. Ba a yi shi don ya tsaya ba, ko ramin ɗaura birki ba a huda masa ba.

"Baba, ka huta haka nan," ya ce. "Ni zan riƙa kai hulunan in karɓo. Hanyata ce."

Ila ya ce shi ba gurgu ba ne. Harira ta ce, "Malam, keken da ba birki ba zai fita daga gidan nan ba. In an sa masa birki irin na mutane, na ga ya tsaya da idona, sai a yi magana." Ta faɗi haka ne don ta ji an ce ba rami, ta ɗauka zancen ya mutu ke nan.

Zaharaddeen ya karɓi yawon. Abin da ya fi ƙona wa Ila rai shi ne bai yi kuskure ko ɗaya ba. Kowace hula ta isa kan mai ita kafin Juma'a, ba wanda ya yi ƙorafi. Ila yana zaune a ƙofar gida kan benci, yana gaisawa da masu wucewa, yana kallon rana tana tafiya. Na wuce ta nan wata safiya na tsokane shi, bai rama ba. A nan na san abin ya yi tsanani. Bakano ya ji Bazazzagi ya taɓa shi ya yi shiru, to ba lafiya.

Bayan 'yan kwanaki sai ga shi a Panteka da jakar huluna a baya. Ya sauke, ya buɗe, ya zaro fok ɗin keken, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba.

"Ina sauran keken?" na ce.

"Yana ɗaure."

"Ka sato wannan ke nan."

"Nawa ne. Mutum yana satar abinsa? Tsakiya ta ɗaure, ba ta ce komai a kan gaba ba."

"Ta gan ka?"

"Ita ta riƙe mini fitila da noti ya faɗi. Ta ce in na gama wahalar in dawo da shi."

Na karɓa na juya shi. Kafaɗar da ƙafafun biyu suka haɗu sumul take, ba rami, ba alamar inda za a yi rami. Na manna masa maganaɗisu ya kama, na ƙwanƙwasa ya yi ƙara mai kyau. Ƙarfe ne na gaske, kuma kafaɗar tana da nama. Da wani abin ne daban da ban taɓa shi ba.

Na gaya masa gaskiya. Rami ɗaya za a yi, daga gaba ya fita baya, kuma sau ɗaya ake yinsa. In ya kauce daga tsakiya, birki zai kama gefe ɗaya ya bar ɗaya. In ya karkace, haka. In ƙarfen ya tsage, an gama, don na san tulin tsofaffin ƙarafan Panteka kaf, ba wani fok da zai shiga wannan siririn wuyan ya dace da wannan tayar. Zai koma bencinsa.

"To ai yanzu ma a bencin nake," ya ce. "Huda."

Ban huda ranar ba, don abin ya ƙi zama. Ƙafafun zagayayyu ne, in na matse su a matsin ƙarfe za su lotsa, in na sassauta su juya. Na gwada tsumma, na gwada roba, duk yana motsi. Na ce masa ba na sa bakin injin huda a ƙarfen da yake rawa. Ya tsaya yana kallo, ya ce in ajiye masa zuwa gobe.

Da safe ya dawo rungume da gungumen hula, mafi girman da na taɓa gani, katakon ya yi baƙi don tsufa.

"Na wani Alhaji ne a Unguwar Sarki," ya ce. "Allah ya ji ƙansa. Tun da ya rasu ba a sake yin kai irin nasa ba. 'Ya'yansa duk ƙananan kawuna, na uwarsu suka ɗauko."

Muka kai wa kafinta da ke kusa da ni, ya raba shi biyu, ya fafe masa kwari daidai kwanciyar fok ɗin. Da muka kwantar da shi a ciki muka matse katakon, ko da guduma ba zai motsa ba.

Saura tsakiya. Na ɗauko ma'aunina, shi kuma ya zaro zare daga aljihu. Ya shimfiɗa shi daga wannan gefen kafaɗar zuwa wancan, ya yanke da haƙori, ya ninka biyu, ya ɗiga alli a inda ninkin ya tsaya. Haka yake nemo tsakiyar hula in zai yi mata kari. Na auna da nawa, suka zo wuri ɗaya.

"Ka gani?" ya ce.

"Na ga ka ɓata zare."

Na ɗora ƙusa mai kaifi a kan ɗigon na buga sau ɗaya, don bakin inji ya sami inda zai zauna. Na sa ƙaramin baki tukuna. Na miƙa wa Ila gwangwanin baƙin mai na ce ya riƙa ɗigawa, kuma ya rufe bakinsa. Ya yi bisimilla da ƙarfi, ya ɗiga mai, ya ci gaba da ba ni labarin Alhajin mai babban kai da yadda aka rasa hular da za ta shige shi a Makka. Ban saurare shi ba. Ina sauke hannun injin a hankali, garin ƙarfe yana fitowa a murɗe, alamar baki yana ci da kyau. Bangon gaba ya huje. Muka kwance, muka juya, muka sake auna tsakiya a baya, muka huda. Ban yarda in zarce daga gaba in fita baya a tafiya ɗaya ba, don ƙaramin baki yana iya lanƙwasa a cikin rami ba ka sani ba.

Da na sa babban baki don faɗaɗa ramin, yana tsakiyar ci, wuta ta ɗauke.

Injin ya tsaya da baki a cikin ƙarfe. A irin wannan ba a ja, ba a murɗawa. In bakin ya karye a ciki, fitar da shi ya fi hudar wahala. Na riƙe hannun injin yadda yake, na ce wa Ila kada ya taɓa komai. Yana tsaye da gwangwanin mai a sama, mai yana ɗiga masa a takalmi bai sani ba.

"Tukur," ya ce a hankali, "ya mutu?"

"Bai mutu ba. Je ka ce wa mai walda na can ya tada janareta ya ba ni waya."

Ban taɓa ganin dattijo da ciwon gwiwa ya yi irin wannan saurin ba. Ni kuwa kafaɗata ta ƙage kafin janaretan ya kama. Da wuta ta zo na sassauta kaɗan, baki ya juya, na sake sauke shi ya ƙarasa. Na goge bakin ramin da magagari, na duba ko'ina ba tsaga. Na zura siririn ƙarfe ta gaba ya fito ta baya a miƙe. Na miƙa masa fok ɗin.

Ya ɗaga shi sama ya leƙa ta ramin da ido ɗaya. "Ina ganin Malali," ya ce.

Birkin ma bai zo da sauƙi ba. Wanda ya sayo a kasuwa irin na kekunanmu ne, hannayensa dogaye, robarsa ta wuce bakin wili ta sauka kan wayoyin taya. Wannan keken tayarsa dab take da kafaɗa, gajeren birki yake so. Muka yini muna tona tulin tsofaffin kekuna, har muka samu ɗaya a jikin wani da mota ta take. Na wanke shi da kalanzir, na sa masa sabuwar roba da sabuwar waya.

Ranar Asabar da hantsi na je gidansa da kayan aikina. Keken yana nan ɗaure da ginshiƙi, ba gaba, kamar akuyar da aka yanke wa kai. Muka mayar da fok, muka ɗaura taya, na zura birkin a ramin na ɗaure noti, na kafa hannunsa a saman kan keken inda yatsun Ila za su kai ba sai ya sunkuya ba. Harira tana gefe tana dama sitaci. Zaharaddeen ma ya zo, ya jingina da ƙofa.

Na ɗaga gaba na juya tayar, na matsa hannu, ta tsaya cak.

"Kin gani?" Ila ya ce.

"Na ga Malam Tukur ya tsayar da taya a sama," ta ce. "Kai ba a sama kake tafiya ba."

Ta wanke hannu, ta kwance bakin zanenta, ta buɗe kwaɗon. Sannan ta yafa mayafi, ta naɗe tabarma, ta ce wa Zaharaddeen ya ɗebo mata hulunan da aka gama jiya, da gungumensu. Muka bi ta waje ba mu san me take nufi ba. Ta sauka gangaren har kusa da kwalbati, ta shimfiɗa tabarmar a tsakiyar layi, ta jera hulunan a kai. Duk na manyan masu ba shi aiki ne, har da wata farar zanna da ya kwana biyu yana fitar mata da tabo.

"Daga ƙofar gida za ka taho," ta ce. "Ba tafiyar hawainiya ba, yadda ka saba."

"Harira, hulunan mutane ne."

"Ƙafafunka ma na mutane ne, Malam. Mu muke jinya."

Ila bai taɓa matsa birkin nan yana kan keke ba, kuma ba ta ba shi damar gwaji ba. Muna hawa gangaren na gaya masa abin da na sani. Birkin gaba ne kaɗai, kuma yana kamawa sosai. In ya damƙe shi gaba ɗaya, keken zai tsaya shi ya wuce ta sama. Ya ja jikinsa baya a kan sirdi, ya matsa kaɗan-kaɗan, ya bar ƙafafunsa su bi feda, kada ya yi faɗa da ita.

"Ka taɓa hawan irinsa?" ya ce.

"A'a."

"To ashe duk malamai ne mu."

Kafin nan layin ya cika. Mai kanti ya fito, mata suna leƙe ta ƙofa, masu ginin nan da ya faɗa wa yashinsu sun ajiye cebur. Ɗaya daga cikinsu ya ce a bari su matso da tulin kusa. Ila bai kula su ba. Ya tattare rigarsa, ya gyara hula, ya hau.

Ya taho da gudu fiye da yadda na so. Ƙafafunsa suna juyawa kamar na mai keken ɗinki. Na ga ya ja baya, na ga yatsunsa sun fara matsawa, robar ta yi kuka, gudun ya ragu amma tabarmar tana matsowa. Can ƙarshe tsoro ya kama shi ya damƙe. Tayar baya ta tashi daga ƙasa, ta tsaya a sama kamar tana shawara, sannan ta dawo ta dira. Ya sa ƙafa ƙasa. Tsakanin tayar gaba da bakin tabarmar bai fi taki ɗaya ba. Hularsa ce kawai ta wuce, ta gangara ta kwanta a cikin 'yan'uwanta.

Masu gini suka yi tafi. Harira ba ta yi ba.

"Sake," ta ce.

Ya sake. Wannan karon ya fara matsawa da wuri, tayar baya ba ta tashi ba, ya tsaya da sauran fili. Ta sa ya sake har sai da mutane suka gaji suka koma harkarsu. Ta zo ta tsuguna ta duba ramin da notin, ta girgiza birkin da hannunta, ta kalle ni.

"Ba zai fita ba?"

"Ba zai fita ba. A riƙa duba notin, a canza roba in ta cinye."

Zaharaddeen ya ce shi dai har yanzu da an bar masa yawon. Harira ta naɗe tabarma, aka kwashe huluna, muka koma gida. Ila ya jingina keken da ginshiƙi, ya tsaya kusa da shi yana jira. Ba ta kalle shi ba. Ta cire hulunan daga gungume ɗaya bayan ɗaya, ta kaɗe su, ta jera a jaka, ta zuge. Ta yago ƙyalle ta miƙa masa.

"Ɗaure ƙafar wandonka, sarƙar keken nan a buɗe take," ta ce. "In ka gama da Unguwar Dosa ka biya Kawo ka sayo mini daddawa. Ta wajen matar nan ta bakin tasha, ba ta cikin leda ba."

Ila ya tsuguna ya ɗaure wandon, ya goya jaka. A ƙofa ya juyo ya ce mini in zo da yamma in ci tuwo, tunda an ce mutanen Zazzau ba sa ƙin gayyata. Na ce zan zo in ga ko Bakano yana sa nama a miya. Ya tura keken waje, ya hau, ya yi sama da layin.